Matakala ta Shida

Ranar da matakala ta shida ta karye babu wanda ya ji ciwo, kuma daga nan masifar ta samo asali. Da wani ya fasa baki ko ya goce ƙafa, da tun kafin la'asar an kira kafinta. Amma katakon ƙara kawai ya yi a ƙarƙashin ƙafar matar gidan tana saukowa da bokitin wanki, ya rabe biyu, rabi ya rufta ciki, rabi ya tsaya yana lilo a jikin ƙusa ɗaya. Ta yi salati ta tsallake. Yara suka taru suna leƙen ramin suna dariya, kafin yamma har sun mayar da tsallaken wasa.

Mutum ɗaya ne a gidan ba zai iya tsallakewa ba, shi ne tsohon da ke ɗakin sama. Masinja ake ce masa, domin shekara talatin da biyu ya yi yana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, a ƙafa, har ya yi ritaya ko keke bai mallaka ba. Wata uku kafin wannan rana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, taɓawa mai sauƙi, ya bar shi da jan ƙafar hagu. Likita ya ce masa, "Baba, ƙwayoyin nan taimako ne kawai. Maganinka yana ƙafarka. Kullum ka sauko ka taka, ko da zuwa bakin titi ne. Ranar da ka zauna, ƙafar nan za ta zauna tare da kai."

Masinja bai yi wasa da maganar ba. Kowace safiya sai ya dafa katakon gefe ya sauko matakala goma sha huɗu, ya ja ƙafa zuwa kwanar layi inda amininsa Mai Agogo ke kafa tebur, su sha shayi, su yi musu a kan abin da rediyo ya faɗa, sannan ya juyo gida. Ƙafar har ta fara jin magana. To ga shi yanzu rami ya tare hanya, ramin da faɗinsa bai wuce taki ɗaya na mai lafiya ba.

Ta taga ya ƙwala wa Mai Agogo kira ya ce ya turo masa Kafinta. Kafinta ya zo da yamma, fensir a kunne, ya durƙusa yana awo, sai ga babban ɗan Masinja ya dawo daga aiki. Injiniya ake kiransa, ba don ya karanci injiniyanci ba, ma'ajin kaya ne a wani kamfanin robobi. Tun yana yaro ba ya rabuwa da takarda yana zana gidajen da zai gina, shi ne sunan ya bi shi.

"Lafiya? Wa ya kira ka?"

"Baba ne, yallaɓai," in ji Kafinta. "Ba wani aiki ba ne. Allo ɗaya ne da ƙusa shida. Sai bututun ruwan nan da ke ɗiga a ƙarƙashi, shi ya ruɓar da katakon, a ɗaure masa wuya. Kafin shayinka ya huce na gama."

"Tattara kayanka. Ni ba a yi wa gidana faci."

Masinja yana tsaye a saman bene ya ji an ce "gidana", ya haɗiye. Shi ya gina gidan bulo bayan bulo, amma wanda ke ciyar da kai ba ka gyara masa magana a gaban baƙo. Ya ce, "Ɗan nan, bar shi ya buga mana. Gobe ina son sauka."

Injiniya ya ɗaga kai yana murmushi. "Baba, benen katako ai ya tsufa. Rushe shi zan yi gaba ɗaya a zuba na siminti, da tayil, da ƙarfen dafawa hagu da dama saboda kai. In na buga allo yau, gobe ta bakwai ta karye, jibi ta tara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sati biyu kawai za ka yi haƙuri."

Maganar gaskiya, a ranar har daɗi Masinja ya ji. Wane uba ne ba ya son a ce saboda shi za a yi ƙarfe hagu da dama? Kafinta ya mayar da fensirinsa kunne ya fita.

Ba za a ce Injiniya bai motsa ba. A satin farko mota ta sauke buhunan siminti, aka jera su a ƙarƙashin bene, daidai inda bututun ke ɗiga. A sati na biyu ya hau sama da zane a hannu ya nuna wa mahaifinsa inda sabon benen zai lanƙwasa. A na uku maginin da ya yi alkawari ya tafi aiki wani gari, Injiniya kuma ba ya yarda da hannun kowa sai na wannan maginin. Da maginin ya dawo ruwa ya sauka, aka ce ba a zuba siminti da damina. Matar Injiniya, wadda ake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta kawo shawarar a sauko da tsohon falo kafin a gama. Mijin ya ce, "Gado a falo? Baƙi su zo su ce mun rasa inda za mu ajiye ubanmu? Duka-duka kwana nawa ne?"

Gidan kuwa ya koyi zama da raminsa. Daga kan gado Masinja ya haddace takun kowa: biyar, sai shiru, sannan takwas. Shirun yara gajere ne, da dariya suke dira. Na Malama dogo ne, don sai ta miƙa tiren abinci ta ajiye a ta bakwai, ta tattare zani, ta haye, sannan ta ɗauka. Na Injiniya ba a cika jin sa ba. Ya fi son ya tsaya daga ƙasa ya ɗaga murya, "Baba, an tashi lafiya?" kafin a amsa ya kai ƙofa.

Masinja bai zauna ba. Taki bakwai ne daga gado zuwa taga, bakwai dawowa, yakan yi ta safa da marwa har kansa ya fara juyawa. Amma ɗaki ba titi ba ne. Babu gangara, babu hawa, babu wanda ke jiransa a ƙarshen tafiyar.

Mai Agogo ma gwiwarsa ba ta tsallake, don haka sai ya riƙa zuwa da hantsi ya zauna a matakala ta biyu, su yi hira ta ramin bene.

"Masinja! Har yanzu kana sama kamar tantabara?"

"Ina nan, maƙaryacin lokaci. Agogon wa ka lalata yau?"

"Na ɗanka nake nema in gyara. Tun da ya buga sati biyu ya tsaya."

Wata rana ya zo da allo a hammata da 'yar gudumar da ba ta fi a kashe ƙuda da ita ba. Malama ta tare shi a bakin bene, hannu a ƙirji. "Don Allah Baba, ka rufa mini asiri. In ya dawo ya ga an taɓa benen nan, a kaina zai sauke. Cewa zai yi na tara masa 'yan unguwa ana nuna ya gaza." Mai Agogo ya dube ta, ya dubi ramin, ya koma da allonsa yana gunaguni.

A wata na uku Masinja ya gaji da jira. Ya bari Injiniya ya tafi aiki, Malama da yara suka tafi makaranta, ya sa takalminsa, ya dafa katakon gefe ya fara sauka daga sama. Takwas ya sauko lafiya, ya tsaya a bakin ramin. Daga nan yana hango buhunan siminti a ƙasa, sun sha ɗigon ruwa sun daskare sun zama duwatsu masu siffar buhu. Ya ce bismillah, ya miƙa ƙafar dama zuwa ta biyar. Ta hagu ce za ta riƙe shi na ƙiftawar ido ɗaya, ta ƙi. Ta lanƙwashe ta zurma cikin ramin har gwiwa, tsohuwar ƙusar ta tsaga masa ƙauri.

Haka ya rataye, hannu biyu a jikin katako, ƙafa ɗaya a rami, daga hantsi har aka tashi daga makaranta. Bai yi ihu ba. Ya ji kunyar maƙwabta su ɓalle ƙofa su gan shi a haka, su tafi da sunan ɗansa a baki.

Da yamma Injiniya ya hau sama, takunsa da nauyi. Ya duba ɗaurin da mai kemis ya yi wa ƙafar, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Baba, so kake ka kashe kanka a ce ni ne? Me ka rasa a nan? Abinci ne ba a kawo maka, ko magani?"

"Titi na rasa."

"Titi ba zai gudu ba."

Ya sauka ya dawo da akwatin kayan aiki da sabuwar sakata a leda. Masinja yana kwance yana kallonsa ta buɗaɗɗiyar ƙofa. Ya auna, ya yi alama da fensir, ya huda, ya ɗaure sakatar daga waje, ya gwada ta sau uku har ta riƙa shiga sumul. Aiki mai tsafta, ko kafinta sai haka. Bai ɗauke shi kwata na awa ba.

"Ashe ka iya," in ji Masinja.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne, Baba."

"Wancan fa?"

"Wancan babban aiki ne. Don lafiyarka na yi, wallahi. Da an gama bene ni da kaina zan cire ta." Ya ja ƙofar, sakata ta ce ƙaras.

Ciwon ƙaurin ya kwantar da Masinja sati uku. Da ya tashi, taki bakwai ya koma goma sha biyu ƙanana, yana bin bango. Ranar komawa asibiti ta zo, Injiniya ya ce sauko da shi ta kan ramin hatsari ne, ya karɓi katin ya je ya amso magani shi kaɗai. Ya dawo ya ce likita na gaisuwa. Bai faɗi sauran abin da likita ya ce ba, Masinja kuma bai tambaya ba.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, amma a gidan nan ba idon mai rainin ya tsone ba. Tunda Injiniya ba ya barin ma'aikaci ya hau sama, duk abin da ya lalace a can sai ya shiga layin jiran bene. Famfon banɗakin sama ya fara zuba, maimakon a sauya masa roba sai aka kashe ruwan saman gaba ɗaya, aka koma kawo masa a bokiti. Tsallake rami da cikakken bokiti kuwa ba wasa ba ne, sai bokitin ya koma rabi, wanka ya koma na bayan kwana uku, daga baya na sati. Ƙwan lantarki ya mutu, aka ce ai za a sauya wayoyin duka. Tagar katako ta sha ruwa ta kumbura ta ƙi buɗuwa. Ranar da ya tura ta da kafaɗa ta ƙi motsi, ya zauna a bakin gado ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko ranar da ya faɗa rami. Ta wannan tagar yake ganin kan teburin Mai Agogo.

'Yarsa Auta, wadda ke aure a wani gari, takan kira a waya, Malama ta hawo da wayar ta kara masa a kunne.

"Baba, Yaya ya ce an kusa. Ya turo mini hoton tayil ɗin, wallahi mai kyau."

"Auta, allo ɗaya ne. Ki ce masa allo ɗaya."

"Baba, ni ƙanwa ce. In na yi magana a ce na raina yayana, kuma ba ni ke ɗawainiyar gidan ba. Ka ƙara haƙuri. Kana dai cin abinci ko?"

Kowa abin da yake tambaya ke nan, ko yana cin abinci. Yana ci. Babu wanda ya taɓa zaginsa, babu wanda ya ɗaga masa hannu. Malama takan ce "sannu Baba" sau uku kafin ta ajiye tire, jikoki sukan tsaya a bakin ƙofa su gaishe shi suna toshe hanci a ɓoye. Da ladabi da biyayya aka rufe shi, shi ya sa ya rasa wanda zai kai ƙara da abin da zai ce an yi masa.

A cikin wata na bakwai ya fara jin takun. Ba da dare ba, da rana tsaka, lokacin da gidan ya yi tsit kowa ya fita. Wani yakan fara hawowa daga ƙasa, a natse, kamar mai dawowa daga aiki. Masinja yakan ƙirga. Biyar, shida, bakwai, babu shiru a tsakani. Goma sha huɗu cif. Sai mai takun ya tsaya a bayan ƙofa, bai taɓa sakata ba, bai yi sallama ba. Da farko ya ɗauka marigayiyar matarsa ce, har yakan gyara zama. Daga baya ya gane dugadugan, da yadda suke bugun katako da ƙarfi a ƙarshen kowane taki. Nasa ne, na lokacin da yake da ƙafa. Tsoro ya kama shi, ya ja bargo ya rufe kai cikin zafin rana, amma washegari da gidan ya yi shiru sai ya tsinci kansa yana kasa kunne.

Mai Agogo bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu da ƙofa a tsakani dole su yi ta ɗaga murya, kuma duk su biyun numfashinsu ya rage. Hirar ta koma gaisuwa. Gaisuwar ta koma ƙwanƙwasa sanda a jikin matakala sau uku, Masinja ya amsa da bugun kofi a ƙarfen gado. Wata safiya sandar ba ta zo ba. Kwana tara yana riƙe da kofi da hantsi. A na goma ya tambayi Malama tana kwashe kwanuka.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa tun wancan satin."

"Wancan satin?"

"Baban yara ne ya ce kada a faɗa maka, kada jininka ya hau. Kuma ko an faɗa, ta ina za ka bi?"

Tun daga ranar bai ƙara bin bango ba. Aka kawo masa fo aka ajiye a ƙarƙashin gado, ya karɓa. Ƙafafunsa suka sirance, gwiwoyi suka fi cinya kauri, ya daina kallonsu.

Wata goma sha huɗu da karyewar matakalar, wata safiyar Asabar, ya ji muryar Injiniya ta ƙasan daɓe.

"Manaja zai zo. Yau, ƙarfe goma sha ɗaya. Jiya na ce masa Baba ba shi da lafiya don ya bar ni in tashi da wuri, shi ne ya ce lallai sai ya zo ya gaishe shi da kansa."

"A nan?" in ji Malama. "Ta ina zai hau? Mutum mai wannan jikin?"

"Kira mini Kafinta. Maza. Ki ce ya bar duk abin da yake yi."

"Faci za a yi?"

"Malama, ba lokacin magana ba ne."

Kafinta ya zo. Masinja ya ji ƙarar zarto, ya ji an ciro tsohuwar ƙusa tana kuka, ya ji guduma. An fara labaran safe a rediyon maƙwabta lokacin da aka fara, ba a kai ga labarin wasanni ba Kafinta ya ce, "Na gama, yallaɓai. Bututun ma na ɗaure shi, juyi biyu ne." Ya taka allon ya yi tsalle a kai don a ga ƙarfinsa. Sai ya rage murya ya ce, "Tsohon yana nan kuwa?" Injiniya ya ce yana nan lafiya lau, ya sallame shi.

Abin ke nan. Shekara ɗaya da wata biyu na ran mutum, da ƙafafu biyu, da jana'izar aminin shekara arba'in, duk a kan aikin da bai kai tsawon labaran safe ba. Kuma ba don tsohon aka yi ba. Kunyar baƙo ta yi a safiya ɗaya abin da tausayin uba ya kasa yi.

Malama ta hawo da gudu, har ta tsallake sabon allon don sabo. Ta zare sakata, ta doki tagar da tafin hannu har ta buɗe, ta yaye zanin gado ta ƙudundune, ta ɗauki fo. "Baba, albishirinka, an gyara bene! Bari in ɗora ruwan zafi a yi maka wanka, ga babbar rigarka can ina gogewa. Baƙo za ka yi." Hannunta cike da kaya ta fita, ta bar ƙofar a buɗe.

Masinja ya daɗe yana kallon ƙofar. Daga inda yake yana ganin kan bene, da hasken da ke tasowa daga ƙasa. Ya zuro ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya dafa ƙarfen gado, ya yunƙura. Ko ɗagawa bai yi ba. Ya sake, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ta hagu dama ya san ta tafi, amma ta dama, lafiyayyiyar, wadda babu ciwon da ya taɓa ta, ita ma ta naɗe ƙarƙashinsa kamar tsumma. Ya zame ya zauna a ƙasa.

Ya huta kaɗan. Sannan ya kafa tafukan hannu a daɓe, ya ja jiki.

Da zama ya sauka. Sai ya ɗaga ƙafa ɗaya da hannu biyu ya ajiye a matakalar ƙasa, ya ɗaga ɗayar, sannan ya dafa ya sauke mazauni. A kan ta shida ya tsaya. Allon fari ne tas, yana ƙamshin sabon katako, kawunan ƙusoshi shida suna ƙyalli. Ya ɗora tafin ƙafarsa a kai ya danna gwiwa da hannu, ko zai ji santsinsa. Bai ji komai ba. Ya ci gaba.

Babu wanda ya gan shi. Malama tana kicin tana faɗa da yara a kan kofuna, Injiniya yana banɗaki ruwa na zuba. Ya ja jiki ya wuce duwatsun siminti, ya wuce ƙofar falo inda aka shimfiɗa sabuwar leda a tebur, ya miƙa hannu ya murɗa ƙofar waje.

Rana ta doke shi a ido har sai da ya runtse. Iska ta taɓa fuskarsa, da ƙurar titi da hayaƙin mota, ya buɗe baki yana shaƙa. Da idonsa ya washe ya dubi kwanar layi. Babu tebur. Wata 'yar rumfar sayar da katin waya ce a wurin, an yi mata fenti rawaya. Ya so ya ƙarasa ko da hakan ne, amma hannuwansa sun ƙare. Ya jingina da bangon gidan a gefen ƙofa, cikin tsohuwar singileti da wandon da ya kwana bakwai a jikinsa, gemu ya cukurkuɗe, faratan ƙafa sun yi zaƙo-zaƙo. Wata maƙwabciya da ya sani tun tana goyon ɗanta na fari ta wuce ta gabansa, ta kalle shi ta kau da kai. Ba wulaƙanci ba ne, ba ta gane shi ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata wata baƙar mota ta tsaya. Wani mai ƙiba ya fito yana gyara hula, direba na biye da shi da kwandon lemo da ayaba. Manaja ya dubi lambar gidan, ya dubi tsohon da ke ƙasa, fuskarsa ta yi taushi. Mutumin kirki ne. Ya laluba aljihu ya ciro takardar kuɗi, ya sunkuya ya sa masa a tafin hannu.

"Ga sadaka, Baba. Allah ya ba da lafiya. Amma ka ɗan matsa daga ƙofar mutane, akwai mara lafiya a gidan."

Masinja ya dubi abin da ke hannunsa. Tunda yake bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, sai dai ya miƙa takarda a sa masa hannu. Yatsunsa suka ƙi rufewa, suka kuma ƙi saki.

Daidai nan Injiniya ya fito da sauri yana ɓalla maɓallin riga, turare na tashi. "Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, ai da ka kira na fito na..." Sai idonsa ya sauka ƙasa.

"Ka ga na yi sammako," in ji Manaja yana dariya, ya dafa kafaɗarsa. "A kamfani kowa ya san yadda kake ɗawainiya da mahaifinka, shi ya sa na ce sai na zo na nemi albarka. To, ina Baban namu?"

Injiniya ya buɗe baki. Ya dubi Manaja, ya dubi direba da kwandonsa, ya dubi takardar kuɗin da ke tafin ubansa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Kalma ɗaya ce ake nema, gajeriya, kuma Masinja ya ɗaga kai ya ba shi lokaci. Ya jira shi kamar yadda ya saba jira, har shirun ya yi tsawon da Manaja ya daina dariya. Kalmar ba ta fito ba.

Sai tsohon ya naɗe takardar a hankali ya rufe hannu a kanta.

"Yana sama, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ku hau. An gyara matakalar."